Jirgin da Ya Faɗo a Gonar Kawu

Ni ne mutumin da ya sa aka share wurin da jirgin sama ya faɗi. Da tsintsiya aka share shi, aka kuma yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Na fara da wannan ne don kada wani ɗan Filinge ya riga ni faɗa, domin har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni ran kasuwa sai sun tambaye ni ko na zo da tsintsiyata.

A lokacin soja ke mulki. Ina ɗan shekara ashirin da ƴan kai, magatakarda a wani ofishin gwamnati cikin garin Filinge, aikina buga takardu a mashin ɗin rubutu. Mai gidanmu a ofis hafsan soja ne, kowa kwamanda yake ce masa. Ba mugu ba ne, amma yana da abu biyu da ba ya wasa da su: tsabta, da ganin an yabe shi a takarda. Ni kuma Allah ya jarrabe ni da faransanci. Na haddace manyan kalmomi tun a lakwal, wato makarantar boko, na rasa inda zan zuba su. Ko akuya ce ta ɓata aka ce in rubuta, sai na cika shafi biyu, akuyar ma ba za ta gane kanta a ciki ba. Kwamanda na son haka, ni kuma ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro boko.

Ina da kawu, wan mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Tabla. Manomi ne, da can kuma maharbi, har lokacin yana da tsohuwar bindigarsa harba-ka-ruga rataye a ɗaki, ta fi shekara goma ba ta ga albarushi ba. Shi ya ɗora ni a kan jaki ya kai ni lakwal ranar farko, ina kuka ina shure-shure. Tun daga ranar yake kirana Mushe, sunan da ake kiran malaman boko da shi, tun ban iya rubuta sunana ba. Matarsa kuwa Inna nake ce mata, a hannunta nake cin tuwo duk hutu.

A daminar da nake ba da labari, hatsi ya fid da kai gwanin sha'awa, sai fara ta sauko. Gwamnati ta aiko da wani ƙaramin jirgi mai feshin magani, mutum ɗaya ke tuƙa shi. Yana bin gonaki ƙasa-ƙasa, har mutane na cewa suna ganin gashin bakin matuƙin. Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo ofis a kan raƙumi, yana haki, ya ce jirgin ya faɗo a gona wajen Tabla. Kwamanda ya tsaya kiran Yamai ta rediyo, ya ce in shiga mota da jandarmomi biyu, ƴan sandan soja, in je in gano, in rubuto masa rahoto cikakke. Ya maimaita kalmar, cikakke. Wayyo, da ya san wanda ya gaya wa!

Muna isa na ga gonar Kawu ce. Jirgin na kife da hanci cikin rairayi, fiffike ɗaya ya karye, gabansa ya yi baƙi da hayaƙi. Ya share hatsi ya yi hanya mai tsawo kafin ya tsaya, guntayen ƙarfe da gilashi a warwatse ko'ina. An kwantar da matuƙin a gindin gawo, fuskarsa duk jini, yana numfashi amma bai san inda yake ba. Jandarmomi suka sa shi a mota aka juya da shi, suka bar ni da ɗayansu. Can gefe Kawu na zaune a ƙasa, ya miƙe hannayensa biyu a kan gwiwa, Inna na shafa musu zuma. Fatar tafin ta saɓule. Mutane suka rufe ni da labari, kowa na rige-rigen faɗa: Kawu ne ya fara isa, wuta na ci a gaban jirgin, ya kama ƙarfen ƙofar da hannu ya fizge, ya jawo mutumin waje, sauran suka yi ta watsa rairayi har wutar ta mutu. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Kawu ya ɗago ya ce, "Mushe, kai anka aiko? To alhamdu lillahi, namu ya zo."

Na ce masa sannu a gajarce, don akwai jandarma a kusa, ina kuma sanye da farar riga mai aljihu biyu da alƙaluma uku. Ban ko durƙusa ba.

Kafin azahar motar ta dawo da saƙo: babban mai bincike zai zo daga Yamai, kwamanda da kansa zai rako shi gonar. Na juya na dubi wurin da idon mai jiran baƙo. Kai, abin kunya! Karan hatsi a kakkarye, ƙarafa a zube, rami a rairayi, ga jini da wasu baƙaƙen gashin tsuntsu sun manne a hancin jirgin da bakin tagarsa, ƙudaje na bi. A ƙasarmu ko mai gari ne zai zo gidanka, sai ka share ƙofa. Balle babban mutum daga Yamai, balle kwamandan da ke shafa yatsa a kan teburina yana neman ƙura. Nan take na tara mutane na raba aiki.

Maza suka tsince ƙarafan kaf, aka tara su a gindin gawo. Ni da kaina na tsaya na ga an jera su, manya a baya, ƙanana a gaba. Aka sassare karan da suka karye aka ɗaure. Aka cike ramin aka daddaɓe. Mata suka zo da tsintsiya da masaki, suka wanke hancin jirgin da toka har ya yi ƙyalli. Inna ce kaɗai ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Mushe, a bar abin ga yadda Allah ya aje shi mana. Mai abu ya zo shi gani da idonai."

Na ce, "Inna, wannan aikin gwamnati ne, ba a yin sa da ka."

Ta dube ni tun daga takalmi har alƙaluma, ta ce to. Ta ɗauki tsintsiyarta.

Da la'asar na koma ofis na zauna gaban mashin. Shafi huɗu na buga, ban ɗaga kai ba. Na bayyana kyawun damina da ƙoƙarin gwamnati a kan fara. Na jera waɗanda suka zo kallo bisa girmansu, daga mai gari zuwa limami. Na faɗi launin jirgin, da irin takalmin matuƙin, don ya burge ni. Na rubuta cewa an ceto shi ne saboda hanzarin hukuma ƙarƙashin jagorancin kwamanda, wanda a lokacin yana Filinge riƙe da rediyo. Sai na ga rahoton ya rasa gishiri. Na tuna mutane sun ce sun ji ƙara kafin jirgin ya faɗo, na rubuta cewa an ji ƙara mai kama da harbin bindiga. Na so kuma in sa Kawu a takardar gwamnati, don in ya ji ya yi alfahari, sai na ƙara cewa mai gonar shahararren maharbi ne da ba ya kuskure, kuma an same shi a wurin da hannaye a ƙone. Wallahi yabo na nufa. Na karanta jimlar sau uku ina jin daɗin yadda ta zauna.

Da safe kwamanda ya karanta yana gyaɗa kai, har ya zo shafi na uku. Ya tsaya. Ya sake karantawa, ya ɗora yatsa.

Ya ce, "Ƙarar bindiga. Maharbi. Hannu a ƙone. Irin bindigoginsu ba su kan fashe a hannu ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba. Kawuna ne."

Ya ce, "Kai ka rubuta ko wani?"

"Ni ne."

"Ƙarya ka rubuta wa gwamnati?"

To, ka ji inda na maƙale. In ce ƙarya ce, na kashe kaina. In ce gaskiya ce, na kashe Kawu. Na tsaya ina motsa baki kamar akuya mai tuƙa, ba abin da ya fito. Kafin rana ta take an je an zo da Kawu da tsohuwar bindigarsa, aka tsare shi. A wancan zamani wanda aka ce ya ɗaga bindiga ga kayan gwamnati, in aka wuce da shi Yamai, danginsa ba su tambayar ranar dawowa. Kwamanda ya ce za a jira mai bincike ya gani, daga nan a tafi da shi a mota ɗaya.

Ruwa ya ɓata hanya, mai binciken bai iso ba sai bayan kwana huɗu. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da hantsi Inna na wucewa ta gaban ofishinmu da ƙwaryar fura a ka, za ta kai wa Kawu, don ta tare a gidan wata ƴar'uwarta cikin gari. Tagata na kallon hanya. Ba ta taɓa juyowa ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin fita ba. Nakan sunkuya in yi kamar ina gyara zaren mashin.

Na zaci mai binciken zai zo da kwat da tawaga. Sai ga wani gajeren dattijo Bazabarme, da tsohuwar hula, fensir a bayan kunne, igiyar awo a aljihu. An ce ya yi shekaru yana gyaran jirage kafin a ba shi wannan aiki. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka aka ce ni ne tafinta. Muka ɗunguma gonar da kwamanda, Inna ma aka ɗauko ta a bayan mota don an ce tana wurin lokacin da abin ya faru. Mutanen ƙauye sun sake yin shara da safen nan, don sun ga na ji daɗin ta farko.

Dattijon ya sauka ya tsaya. Ya dubi jirgin da ke ƙyalli, ya dubi filin da aka share tas, har da zanen tsintsiya a rairayi. Ya dubi ƙarafan da ke jere a gindin gawo.

Ya ce, "Ina wurin da jirgin ya faɗi?"

Na matso gaba, na gyara alƙaluma. Na ce, "Nan ne, ranka ya daɗe. Mun ɗan gyara."

"Wa ya gyara?"

Ko a nan ban farga ba. Na ce, "Ni na ba da umarni." Har da ɗan murmushi.

Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, daɓas. Sannan ya ce ya ga jirgin da wuta ta cinye, ya ga wanda ɓarayi suka kwashe, amma bai taɓa ganin wanda aka yi wa wanka ba. Ya ce, "Ɗana, ƙasa ita ce shaidar da ba ta tsoron kowa. Inda kowane guntu ya faɗi yana gaya mini abin da ya fara karyewa. Ramin yana gaya mini yadda jirgin ya sauko. Ka tara shaiduna duka ka rufe musu baki, ka jera mini su kamar tumatir a kasuwa."

Kwamanda ya juyo ya dube ni. Na so ƙasar da na share ta tsage in shige.

Dattijon ya karɓi rahotona ya karanta a zaune, fensir a hannu, yana ja masa layi. Kyawun damina ya tafi. Mai gari da limami suka tafi. Takalmi ya tafi. Da ya gama, abin da ya rage a shafi huɗu layi biyu ne, ranar da abin ya faru da sunan wurin. Sai ya fara tambayata. Ƙarfe nawa ne? Ban sani ba. Daga ina iska ke busowa? Ban tambaya ba. Akwai hadari ko sama a washe take? Jirgin daga wace kusurwa ya taso, ina ya nufa? Injinsa na kuka har ya taɓa ƙasa, ko ya yi shiru tun a sama? Akwai sauran mai a tankinsa? Wa ya gani da idonsa, wa kuma aka ba labari? Da ya zo kan bindiga ya ce, "Wanda ya gaya maka, ƙara ya ce ya ji, ko bindiga ya ce ya gani?" Na ce ƙara. Ya ce, "To wa ya kawo bindigar?" Na ce ni. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, ranar na san ma'anarsa.

Inna na tsaye ba ta jin faransanci, amma ta ga ana yanka ni. Ta ce, "Mi yaka tambaya ne da kaka ta zuhwa haka?" Na gaya mata. Ta ce, "Wanga ne abin wuya? Gaya mashi."

Ta fara, ina juyawa. Ta ce ta kawo wa Kawu fura ke nan, inuwar gawo ba ta kai ga surin can ba tukuna, ta nuna daidai inda inuwar ta tsaya. Dattijon ya duba agogo, ya duba inuwa, ya rubuta. Ta ce iska daga yamma take, don ta juya baya ne tana dama furar kada ƙasa ta shiga. Ta ce sama fes take. Jirgin ya yi zuwa biyu lafiya, a na uku ya taso daga gabas, sai garken shamuwa da ke cin fara cikin hatsi suka tashi gaba ɗaya a gabansa. Ta ce ta ji ɗas, sannan jirgin ya karkata hagu, kukansa bai tsaya ba har ya shiga hatsi. Ta ce abin da ba ta gani ba shi ne cikin jirgin, don haka ba za ta ce komai a kai ba.

Dattijon ya ɗaga fensir ya nuna ta, ya ce mini, "Ka ji rahoto."

Inna ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba da yadda Kawu ya yar da ludayi ya ruga, yadda ya kama ƙarfe mai zafi, yadda ya jawo mutumin a kafaɗa. Kwamanda na tsaye dab da ni, rahotona da ya ce hukuma ce ta yi ceto yana hannun dattijon. Da ta gama, dattijon ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce daga nan mutane suka taru." Ta yi magana mai tsawo, na juya ta da kalma shida. Ya ɗan dube ni.

Ya tambaya ko akwai wanda zai tuna inda guntayen suke. Na yi dariyar ƙeta a zuci, na ce wa zai tuna. Ashe ni kaɗai ne ban san gona ba. Manomi ya san gonarsa taku-taku. Wani ya ce shi ya ɗauki ƙafar jirgin, a gefen suri take, ya mai da ita. Wani ya ce gilashin ya fara zuba tun daga wajen kalgon can, nesa da inda jirgin ya tsaya, ya je ya nuna. Wata ta ce ta tsinci guntun fiffike a inda waken Inna ya yaɗu. Cikin sa'a guda suka warware duk aikin da na yi, suka mai da ɓarnar yadda take, ni kuma aka ba ni bakin igiyar awo in riƙe. Shi ne aiki na farko mai amfani da na yi a gonar. Dattijon ya ce tunda gilashi ya riga komai zuba, tagar ta fashe tun jirgin na sama. Ya bi jikin jirgin da yatsa kaf yana neman hudar harsashi, bai samu ba. Ya leƙa tanki ya ga mai.

Ya ce, "Saura tsuntsun. Da ba a wanke ba, da na ga jininsa."

Na juya wa Inna. Ta ce a kawo hauya. A wajenmu shamuwa ba tsuntsun wasa ba ce, ita ke zuwa da damina, ba a kashe ta, ba a kuma barin gawarta a yashe a gona. Ashe tun kafin in iso ranar, Inna ta ciro ta daga cikin jirgin, wajen kujerar matuƙin, ta binne ta a bayan gawo. Aka tona. Ga ta nan ta fara ruɓewa, da guntayen gilashi a ƙirjinta. Dattijon ya toshe hanci ya durƙusa yana murna kamar an ba shi kyautar rago. Ya koma bakin tagar, ya sa tsinke a wani lungu da tokar matan ba ta kai ba, ya zaƙulo ɗan gashi baƙi, ya haɗa da na gawar. Ya miƙe ya gaya wa kwamanda cewa ba wanda ya harbi jirgin nan.

A ofis dattijon ya yi ta faɗin sabon rahoto ina bugawa. Shafi ɗaya da rabi ne duka. Lokaci, yanayin sama, iska, nauyin maganin da jirgin ya ɗauka, man da ya rage, inda kowane guntu ya faɗi da tazararsa, abin da shaida ta gani a ware da abin da aka zata. A ƙarshe ya ba da shawara a riƙa tura mutum ya kori tsuntsaye daga gona kafin jirgi ya sauko ƙasa. Duk inda na so in saka kalma mai daɗi sai ya buga fensir a tebur. Ya ce ba a rubuta irin wannan takarda don a kama wani ko a yabi wani, ana rubuta ta ne don kada na gaba ya faɗo. Har ya sa na buga da hannuna cewa an share wurin kafin zuwansa bisa umarnin wani ma'aikaci. Ya yi mini arziki bai sa suna ba, ko da yake duk ƙasarmu ta Kurfai ba wanda bai san ma'aikacin ba.

Akwai wani sashe da ya ce dole ne a cika: yadda wanda ke cikin jirgin ya fita da rai. Ya ɗauko tsohon rahotona, ya karanta inda na ce hukuma ce ta yi ceto, ya ce, "Wannan fa, haka ne?" Kwamanda na zaune yana kaɗa ƙafa. Ya riga ya ji kunya sau ɗaya a ranar ta dalilina, na kuma san ba zai yafe ta biyu ba. Na ce, "Haka ne." Dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in buga. Na buga. Matuƙin da ya farfaɗo a Yamai, an ce bai tuna komai ba sai wani baƙin abu da ya rufe masa fuska.

Washegari aka saki Kawu. Kwana biyar ba a kula da ƙunar yadda ya kamata ba, yatsunsa biyu na dama suka ƙage, har ya mutu ba su miƙe ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ya tofa mini yawu. Sai ya ce, "Mushe, an ce takardarka ce ta hid da ni. Allah shi yi maka albarka. Ban yi asarar kai ka lakwal ba." Na dubi Inna. Ta kau da kai, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba. Har ta koma ga Allah ba ta gaya masa takardar wa ta shigar da shi ba, ni ma ban gaya masa ba.

Shekaru suka wuce. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Kwamanda ya bar Filinge tun da daɗewa. Ni kuwa na zama magatakardan da ake tsokana da rowar kalmomi, in an ce in rubuta rahoto sai in tambayi ƙarfe nawa ne da inda iska take. Na ajiye kwafin takardar nan ta biyu a cikin akwatina. Wata rana da kaka na je gaishe da Kawu, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya fara hazo. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya ce, tunda yanzu ba a tsoron kowa, yana so kafin ya mutu ya ji abin da gwamnati ta rubuta a kan gonarsa. Mako na gaba na zo da ita.

Na riƙa karantawa da faransanci a zuci ina juya masa da Hausa, ina tsayawa ina neman kalma. Ya ji inuwar gawo ya yi dariya. Ya ji shamuwa ya ce Allah sarki. Ya ji an share wurin bisa umarnin wani ma'aikaci, ya yi dariya har da tari. Na zo sashen fita da rai. Na ga ya gyara zama, ya ɗora hannun nan mai ƙagaggun yatsu a kan gwiwa. Na gane wannan layin yake jira tun shekarun nan.

Na dubi takardar na ce, "Mai gonar ne ya fara isa. Ya kama ƙofar jirgin da hannunsa wuta na ci, ya fizge ta, ya jawo matuƙin waje. Ba don shi ba, da mutumin ya ƙone."

Can ya ce, "Sake karanta min wurin ga."

Na sake, kalma da kalma.

Ya ce, "Mushe, tun ɗazu kana karatu kana tuntuɓe, kana neman magana. Nan wurin kuwa ba ka yi tuntuɓe ba ko sau guda." Ya miƙo hannu ya shafa takardar, ya mai do mini da ita. "Babu shi ciki, ko?"

Na ce, "Babu, Kawu."

"Sun manta ne?"

Na ce, "Ba su manta ba. Ni aka tambaya."

Na jira ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "To. Mutumin dai ya rayu, ko?" Na ce ya rayu. Ya ce, "Miƙo min buta, magariba ta yi kusa."

Na miƙa masa. Hannun ba ya iya riƙe ta, sai na durƙusa na zuba masa ruwan.